Matakala Arba'in da Uku

Ina da wata ɗabi'a da matata take kira ciwo. Ba na hawa bene ban ƙirga matakalarsa ba, ba na ratsa lungu ban duba agogo a bakinsa na sake dubawa a ƙarshensa ba. Daga ƙofar gidanmu a unguwar Ammariyya ta Jidda zuwa inda motar ma'aikata take ɗaukarmu minti shida ne, in ban tsaya sayen burodin tamis ba. Daga can zuwa siton da nake aiki a Madinar Masana'antu kuwa ya danganta da direba da yadda ya tashi a ranar. Duk wannan yana rubuce a wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun gabana.

Da rana ni mai lura da shige da ficen kaya ne a sito. Ina da iƙama, takardar izinin zama, ina da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mini, ba na ɗar-ɗar in na hango shingen bincike. Amma daga dawowata bayan la'asar har a kira magariba, marubuci ne ni. Labaran bin sawu nake rubutawa: wani ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya ranta a na kare, ana biye da shi, mai karatu kuma ya manta da tukunya a kan wuta. Duk Alhamis nake sakin babi ɗaya a zauren masu karatu na waya, inda akwai mutanen Kano da na Maradi da na nan Jidda, da waɗanda ban ma san inda suke ba. Daren Laraba ba na cin abincin kirki, don ban taɓa sakin babi ba tare da fargabar cewa wannan karon za a gano ni ba gwani ba ne.

Ƙirgen nan yana da asali. A littafina na farko na sa jarumina ya taso da ƙafa daga Bagdadiyya ya isa Madinar Masana'antu cikin kwatan awa. Wani direban tasi da ke zauren ya rubuto ya ce, "Malam, wannan jarumi naka mutum ne ko aljani?" Kwana uku ana dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, kunya ta hana ni buɗe waya. Tun daga ranar na ɗora wa kaina doka: ba zan sake rubuta ƙofar da ban shiga ba, ba zan sa mutum ya yi gudu a hanyar da ban taka da ƙafata ba. Dokar ta yi mini rana. Aka fara cewa in ka karanta littafina za ka iya yawo a Jidda ba ɗan jagora. Ba zan ɓoye ba, wannan yabo ya fi mini daɗi a kan albashina.

Matata ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya nawa ba, kuma ba don ƙiyayya ba. A nan Jidda aka haife ta, haka ma mahaifiyarta. Kakanninta ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Hausa a bakinta daram take, sai dai tana fitowa da Larabci a tsakiya, amma karatunta duk na Larabci ne. In ta leƙa takarduna sai ta ce haruffan nan sun juya mata baya, suna farawa ta hagu. Ina jin daɗin hakan a ɓoye, domin marubuci yana son a samu mutum ɗaya a gida da ba zai tambaye shi me ya sa ya kashe wance ba.

A littafi na huɗu ne abin ya faru. Jarumar mace ce, mai shara a wani kamfani da na ƙirƙira, ta ga an kashe mutum a bayan sito, masu kisan kuma sun ga ta gan su. Babi goma sha shida ina kora ta a cikin gari. A na goma sha bakwai dole ta samu wurin ɓuya, wurin da mai karatu zai yarda cewa za a iya kwana bakwai a ciki ba a gano mutum ba. Nan na cije. Na rubuta ɗakin ƙarƙashin ƙasa na yage, na rubuta tsohon jirgin ruwa na yage. Duk wanda na ƙirƙiro sai in ji ƙarya tana tashi daga jikinsa, in hango direban tasin nan yana gyara zama zai rubuto. Ga Alhamis tana matsowa.

Ranar Talata matata ta ba ni yadi ta ce in kai wa Baba tela. Kowa a lungunmu haka yake kiransa. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ya zo umara tun kafin in san hanyar Jidda, bai koma ba. Ba shi da iƙama, ba shi da kafili, ba shi da ko takarda ɗaya mai sunansa. Shi ya ɗinka kayan aurenmu, shi yake ɗinka kayan sallar rabin unguwa, amma ba za ka taɓa ganin shagonsa ba, don ba shi da shago. Ana shiga ta wani shagon wanki da guga, a ratsa tsakanin rigunan da aka rataye, a tura wata ƙofa da aka yi wa fenti irin na bango. Daga nan matakala ce siririya mai duhu har saman bene. A can, bayan tankunan ruwa, akwai ɗaki ɗaya na bulo da rufin kwano. Nan yake kwana, nan yake ɗinki.

Na sha hawa matakalar nan, amma ranar da kan littafi na hau ta. Bakina yana ƙirge ban ma sani ba. Da na taka ta ƙarshe na ce arba'in da uku, sai na tsaya cak, yadin yana hammatata. Ga wurin da nake nema mako guda, ashe yana saman kaina.

Baba ya karɓe ni kamar kullum, ya zuba mini shayi a ƙaramin kofi. Ya zare tef daga wuyansa ya gwada ni, kafaɗa, hannu, tsawo, yana motsa leɓe. Bai rubuta komai ba. Bai taɓa rubuta awon kowa ba, duk a kansa suke, na manya da na yara. Na taɓa tsokanarsa na ce zan saya masa littafi, ya ce, "Ɗana, in aka zo aka tarar da littafi cike da sunayen mutane, ai ba ni kaɗai na shiga uku ba. Kai kuwa ba a buɗe shi a karanta."

Ranar na yi ta jan shi da hira. Na ce, "Baba, wai in masu kame suka shigo lungu, yaya kake sani kana nan sama?"

Ya yi dariya, ya kama hannuna ya kai ni bakin katanga, ya nuna mini tagar hawa na biyu a gidan da ke kallonmu. Ya ce, "Ka ga tagar Hajiya? In ka ga ta shanya koriyar darduma, to lungu ba lafiya. Sai in tsayar da keke, in rufa masa buhu, in shige tsakanin tankin nan da bango. Akwai wurin zaman mutum ɗaya, har da inuwa. In ta ɗauke darduma, in fito in ci gaba da aikina."

"Shekara nawa kuna haka?"

"Dardumar nan ita ce ta uku," in ji shi.

Na tambaye shi ta ina iska take shiga, ina yake samun ruwa, wa yake kawo masa abinci. Duk ya faɗa mini, yana murna an samu mai son jin labarinsa. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Da na sauko na tsaya a cikin shagon wankin, a tsakanin riguna masu ɗumi, na zaro ɗan littafina na rubuta komai kafin in manta.

Babin ya zubo kamar an buɗe famfo. Ban taɓa rubutu mai sauƙi irinsa ba. Kuma don kada a ce ban yi hattara ba, na mayar da tela mai gyaran takalma, na aske masa gemu, na ƙara masa ƙiba. Da wannan na ga ai na ɓoye shi. Amma unguwar na bar ta da sunanta, shagon wankin na bar shi kusa da mai tamis kamar yadda yake, ƙofa mai fentin bango tana nan, matakala arba'in da uku, tankuna, koriyar darduma a tagar hawa na biyu. Ko sau ɗaya ban yi tunanin canza su ba. A wurina canza su shi ne ƙarya, ƙarya kuwa ita ce abin da na rantse ba zan sake yi ba.

Na sake shi ranar Alhamis bayan la'asar. Kafin magariba zauren ya cika. Wata ta ce ta riƙe numfashi tun daga matakala ta farko. Direban tasin nan da kansa ya rubuto ya ce yau kam ya sara mini. Can cikin yabon wani ya ce, "Wannan shagon wankin kamar na san shi." Gabana ya ɗan faɗi, amma in faɗi gaskiya daɗi ne ya fara zuwa kafin faɗuwar gaban. Na ajiye waya na ci tuwo har da ƙari.

Ranar Asabar da yamma ina zaune ina tsara babi na gaba, matata ta shigo daga gidan maƙwabta. Ba ta cire abaya ba, ba ta ajiye jaka ba. Ta tsaya a kaina.

"Malam, kai ne ka rubuta labarin matar da ta ɓuya a saman bene?"

Na ce ni ne, har ina shirin yin murmushi. Na manta cewa akwai wata baiwar Allah a zauren da take karanta babina da murya tana turawa, don waɗanda ba sa karatun boko. Ashe matan gidan suna taruwa suna saurare suna tsintar shinkafa. Yau ne karo na farko da matata ta zauna ta ji.

"Wallahi tun da aka ce shagon wanki na ajiye tire," ta ce. "Da aka zo kan sajjada khadra, koriyar darduma, Hajiya tana zaune kusa da ni. Ka san me ta yi? Ta tashi ta sa takalminta ta fita, ba ta ce wa kowa uffan ba. Haram alaik, Malam! Wannan ai ɗakin Baba ne."

Na ce, "Ai na mayar da shi mai gyaran takalma."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ya'ani masu kame in sun hau suka tarar da keken ɗinki, za su ce afuwan, mu mai takalma muke nema? Mutumin nan shekara da shekaru duk unguwa ta rufa masa asiri, har yara sun san ba a nuna ƙofar nan da yatsa. Kai da kake da iƙama a aljihu ka zana wa duniya hanya, har da daraj, adadin matakala!"

Na ajiye biro. Na ɗauki waya na goge babin daga zauren, sai dai magana zarar bunu ce. An riga an kwafe shi zuwa wasu zauruka da ban san adadinsu ba. Na roƙi mai karantawa ta janye muryar, ta ce ta janye tata, amma ta riga ta ji ta a wayar ƙanwar mijinta a wani gari. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce kuskuren rubutu na gani.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Sana'ata ce ta juyo kaina. Shekaru ina koya wa kaina tunanin yadda ake gano wanda ya ɓuya, yanzu kan ya ƙi tsayawa. Masu kame ba sa jin Hausa, na gaya wa kaina. Sai kan ya amsa: ba sai sun ji ba, mutum ɗaya ya isa. Wani tela da yake ganin Baba ya kwashe masa masu ɗinki. Wani da aka kama yake neman abin da zai bayar a sassauta masa. Wata da aka ɓata wa ɗinkin biki shekara biyar da suka wuce. Na tsara hanyoyi bakwai da za a bi a kai ga Baba, kowace da farkonta da ƙarshenta, kuma kowace ta fi duk abin da na taɓa rubutawa kyau. A sito na ƙirga kwali ɗaya sau uku ina samun amsa uku, har shugabanmu ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

In motar ma'aikata ta sauke ni, ba na nufar gida. Sai in tsaya a bakin lungu in ɗaga kai in dubi tagar Hajiya. In babu darduma sai in ce ko ta daina shanyawa ne don na tona sirrin, Baba yana can yana taka keke ba mai gargaɗinsa. In na ga farar mota ta tsaya kusa da mai tamis sai in kafa mata ido, har sai na ga mai ita ya fito da ledar burodi. Sau biyu na isa ƙofar shagon wankin da niyyar hawa in faɗa wa Baba, sau biyu na juya. Ina gaya wa kaina kada in tayar wa tsoho da hankali a banza. Gaskiyar ita ce kunyar idonsa nake ji, kuma ina fatan abin ya wuce ba tare da ya taɓa sani ba.

Matata ba ta sake tayar da maganar ba. Tana ajiye mini abinci, tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Na fi son ta yi ta faɗa.

Ranar Laraba da azahar, ina cikin sito, saƙo ya shigo wayata daga wani da ban sani ba. Ya ce shi mai karatuna ne tun littafi na farko, ya zo umara daga gida, ya ce ba zai koma ba sai ya ga wurin da idonsa. Ga hoton shagon wankin. Ga hoton ƙofa mai fentin bango, a buɗe. A ƙasa ya rubuta: "Malam, na jinjina maka. Na ƙirga da kaina, arba'in da uku cif! Sai dai tela na tarar, ba mai takalma ba." Har da alamar dariya.

Na zauna a kan wani kwali. Mutumin nan ba mugu ba ne, ƙaunata ce ta kai shi. Baƙo ne da bai fi kwana huɗu a garin ba, bai san kowa ba, bai tambayi kowa ba, babina kawai ya bi ya isa har gaban keken Baba. Shekaru ina jiran hujjar cewa na iya aikina, ga ta ta zo. Na roƙe shi don girman Allah ya goge hotunan kada ya tura wa kowa. Ya ce to, amma ya riga ya nuna wa abokan tafiyarsa.

Na nemi izini na bar aiki kafin lokaci. Wannan karon ban tsaya a ƙofar shagon ba. Mai wankin, wanda kullum yake tsokanata, ya ci gaba da gugarsa bai ɗago ba. Na hau, kuma duk ƙoƙarina na hana bakina ƙirge bai yiwu ba.

Baba yana zaune a kan tabarma, keken a rufe da buhu da rana tsaka. Na yi sallama ya amsa, ya nuna mini wuri. Bai zuba shayi ba.

"Ɗazu na yi baƙo," ya ce. "Ya shigo yana haki yana dariya, yana ɗaga waya. Na ɗauka ranar ce ta zo. Har na ɗauki carbina da maganina." Ya nuna wata 'yar leda a gefensa, a ɗaure. "Sai ya ce wai a littafi ya karanta ni."

Na ce, "Baba, ni ne. Ni na rubuta. Na zo in..."

Ya ɗaga hannu. "Hajiya ta aiko mini tun ranar Asabar. Ina ta jiran ka hawo da ƙafarka."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Kwana huɗu ina zagaye lungu ina kare shi daga labarin da ya riga ya sani, shi kuwa yana sama yana sauraren takuna.

"Labarin yana tare da kai?" ya ce. "Karanta mini. Kowa ya ji sai ni."

Na buɗe waya na karanta. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni haka ba. Na karanta yadda matar ta ratsa tsakanin riguna, yadda ta tura ƙofa, yadda ta hau cikin duhu tana dafa bango. Na karanta tankuna da inuwar da ke bayansu, da koriyar darduma tana kaɗawa a taga. Baba ya rufe ido yana saurare, wani wuri ya gyaɗa kai. Da na kai ƙarshe, inda matar ta ji taku a matakala ta rasa ta inda za ta bi, na ajiye wayar.

"Ka iya aikinka," ya ce. "Ba ka bar komai ba. Ni ma in na yanka yadi haka nake so ya fito." Ya buɗe ido. "To, daga nan ina ta tafi?"

"Wa, Baba?"

"Matar. Tunda an gano ɗakin."

Na ce, "Ban rubuta ba tukuna. Ban san inda zan kai ta ba."

"To," ya ce, "mun zama biyu."

Ya tashi da ƙyar, ya yaye buhun, ya ɗauko sukuddireba ya fara kwance kan keken daga teburinsa. Dunƙulen zare ya faɗi ya gangara. Na miƙe zan taimaka, ya ce in bari. Na ce zan nema masa ɗaki, zan yi magana da mutane a wurin aikinmu, zan ɗauki keken a kaina duk inda za a kai shi. Na ce ya yafe mini.

"Na yafe maka, ɗana, duniya da lahira. Ba da mugunta ka yi ba." Bai dube ni ba, yana ta juya sukuddireba. "Amma abu ɗaya nake roƙo. Ka sauka yanzu ka tafi gida. Gobe in ka tashi, ka tafi aikinka ta ɗaya bakin lungun. Kada ka leƙo ta taga, kada ka tambayi mai wanki. Idonka ba ya iya ganin abu ya bar shi."

Na sauko. Washegari na bi ta ɗaya bakin lungun, minti tara maimakon shida.

Ban san ko masu kame sun taɓa zuwa ɗakin nan ba. Wataƙila ba su zo ba har yau, wataƙila da ya zauna ba abin da zai same shi. Wannan tunanin ba ya sanyaya mini rai, domin mutumin da ba shi da takarda ba ya zama ya jira ya gani. Abin da na sani shi ne ɗakin da ya yi shekaru a ciki, da inuwar tankinsa da maƙwabtan da suka san tarinsa, ni na raba shi da su a yammaci ɗaya, don kada direban tasi ya yi mini dariya. Tagar Hajiya ba a sake shanya komai a kanta ba. In mun haɗu a hanya tana amsa sallamata, ba ta ƙara ko kalma.

Littafin na gama shi. Na kai matar wani gida da babu shi a ko'ina, a wata unguwa da ban ba ta suna ba, na ba benen matakala yadda na ga dama. Masu karatu suka lura. Aka ce ƙarshen bai kai farkon ba, aka ce Malam ya fara gajiya. Direban tasi ya tambaya wace unguwa ce wannan, shi bai gane ta ba. Na karanta duka ban amsa ba. Har yanzu ina rubutu, har yanzu ina fargabar Alhamis, sai dai yanzu kafin in saki babi matata take zama in karanta mata da baki, tana tsintar shinkafa. In ta ajiye tire, na san akwai abin da zan cire.

Da azumi ya raba tsakiya, ta ɗauki yadin sallata ta sa a jaka ta fita bayan la'asar. Ban tambaye ta ba. Bayan kwana goma ta sake fita ta dawo da kaftani a naɗe cikin jarida. Tun kafin in warware na gane ɗinkin Baba ne, na gane yadda yake juya bakin aljihu. Na sa, ya zauna mini kamar a jikina aka yanka.

"Ya ce an gaya masa ka rame," in ji ta, "shi ya sa ya rage yatsa biyu a ƙugu. Ya ce a gaishe ka."

"Yana lafiya? Wurin yana da iska?"

"Alhamdu lillah."

"A ina..."

"Ya ce a gaishe ka, Malam. Halas."

Na shafa hannun rigar. Amma kaina ya riga ya fara aiki. Ta fita ƙarfe huɗu da minti goma, ta dawo biyar da rabi. Ba ta hau mota ba, don ban ji ta nemi canji ba. In aka cire gaisuwa da shan iska, tafiyar ba za ta wuce minti ashirin da biyar ba zuwa, kuma akwai farar ƙura a bakin abayarta, irin ta inda ake rushe tsofaffin gidaje. Unguwa biyu ce kawai za su dace da wannan. Na ji hannuna ya nufi aljihun gaba, inda ɗan littafin yake.

Na tashi na shiga bayi na sakar wa kaina ruwa, ina karanta duk abin da ya zo bakina da ƙarfi don in kore lissafin. Da na fito na kwance agogona na miƙa mata. Tun daga ranar, duk lokacin da za ta kai wa Baba ɗinki, da agogona take tafiya a cikin jakarta, ni kuma in zauna a ɗakin da ba ya kallon titi har ta dawo.